Farashin sarin sunayen intanet: Wa ke yanke shi, wa ke taka masa birki?

Manomin Tofa ya san cewa kuɗin da yake biya a kan buhun taki ba mai shagon garinsu ne ya yanke shi ba. Daga masana'anta farashin ke tasowa, ya biyo ta hannun manyan diloli a Kano, kafin ya iso Doka ko Lambu ko Janguza, kowa yana ɗora 'yar ribarsa a hanya. Haka lamarin yake game da sunan shafin intanet, wato adireshin nan da ke ƙarewa da .com ko .ng ko .org, wanda ɗan kasuwa ke bugawa a katinsa, ma'aikata kuma ke sanyawa a saman takardunta. Shi ma yana da farashin sari, yana da dillalai, yana da masu saye ɗai-ɗai.

Sai dai akwai bambanci babba. Masana'antun taki suna da yawa, idan wannan ya tsawwala sai a koma wancan. A kasuwar sunaye kuwa, kowane ƙarshen suna yana da mai sari guda ɗaya tak a duk duniya. Wannan ne ya sa batun ƙayyade farashinsa ya daɗe yana jawo taƙaddama tsakanin gwamnatoci da kamfanoni, kuma sakamakonta yana isowa har aljihun mai fitar da riɗi a kasuwar Dawanau da mai makarantar kuɗi a Janguza.

Hannu uku da suna ke bi

Sunan intanet haya ake karɓarsa, daga shekara ɗaya zuwa goma, kuma duk ranar da wa'adin ya cika ba a sabunta ba, yana iya komawa hannun wani. Kafin ya iso ga mai amfani da shi, yakan bi ta hannu uku.

Na farko shi ne mai riƙe da kundi. Shi ke ajiye jerin duk sunayen da ke ƙarƙashin wani ƙarshen suna, shi ke tafiyar da na'urorin da ke nuna wa wayarka hanyar zuwa shafin da ka nema. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da kundin .com da .net. Ƙungiyar Public Interest Registry ce ke riƙe da .org. A Najeriya kuma, Ƙungiyar Rajistar Sunayen Intanet, wato NiRA, ita ke riƙe da .ng.

Na biyu su ne dillalan rajista, kamfanonin da aka tantance aka ba su izinin sayar wa jama'a. A waje akwai irin su GoDaddy da Namecheap, a gida akwai irin su Whogohost da QServers da Upperlink. Na uku shi ne mai sunan, wanda ke biyan kuɗin haya duk shekara.

Abin da dillali ke biyan mai kundi a kan kowane suna a kowace shekara shi ne farashin sari. A kansa dillali ke ƙara wani ɗan kuɗi da yake biyan ICANN, hukumar da ke daidaita tsarin sunayen intanet na duniya, wanda ya daɗe a kan santi 18 na dala ga sunaye irin su .com kafin a ƙara shi a 2025. Daga nan sai ya ɗora kuɗin hidimarsa da ribarsa. Dillalai suna gasa a tsakaninsu, har wani ya karya farashin shekarar farko don ya ja ciniki. Amma babu wanda zai dawwama yana sayarwa ƙasa da yadda ya saro.

Dalilin da ya sa ake neman birki

A ce wani kamfanin haɗa hatsi daga ƙauyukan Tofa ya yi shekara bakwai yana amfani da suna ɗaya. An buga shi a buhuna da allon shago da takardun kwangila, kuma ta adireshin imel ɗin da ke ɗauke da sunan ne masu saye daga Indiya ko Turkiyya ke aiko da oda. Idan mai kundi ya ninka farashi gobe, kamfanin zai iya sauya dillali, amma sabon dillalin ma wurin mai kundin nan zai saro. Sauya sunan baki ɗaya kuwa tamkar tashi ne daga rumfar da abokan ciniki suka saba zuwa. Ga kuma haɗarin wani ya karɓi tsohon sunan ya riƙa damfarar mutane da shi.

Wannan shi ne ƙashin bayan hujjar masu neman a ƙayyade farashi: mai sabon suna yana da zaɓi, amma mai tsohon suna a ɗaure yake. Masu adawa da ƙayyadewa kuma suna cewa yanzu ƙarshen sunaye sun haura dubu, don haka gasa ta wadatar, kuma tafiyar da kundin da ba ya ɗaukewa ko na minti ɗaya yana cin kuɗi mai yawa wajen na'urori da tsaro.

Yadda farashin .com ya taso

An ƙirƙiro .com a 1985, kuma a shekarun farko kyauta ake yin rajista, gwamnatin Amurka ce ke ɗaukar nauyi. A watan Satumba na 1995 aka ba kamfanin Network Solutions izinin karɓar dala 100 na shekara biyu. A lokacin shi ne mai kundi, shi ne kuma dillali, ba shi da abokin gasa.

Ƙorafe-ƙorafen da suka biyo baya na cikin abubuwan da suka kai ga kafa ICANN a 1998. A 1999 aka raba aikin kundi da na dillanci, aka buɗe ƙofa ga wasu dillalai, aka tsayar da farashin sari a kan dala 6. A shekarar 2000 Verisign ya sayi Network Solutions, kundin .com ya koma hannunsa har zuwa yau.

Takardu biyu ne ke ɗaure Verisign. Ɗaya yarjejeniyarsa ce da ICANN, ɗaya kuma yarjejeniyarsa da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka, ta hannun hukumarta mai suna NTIA. Yarjejeniyar 2006 ta ba shi damar ƙarin kashi 7 cikin 100 a shekara huɗu daga cikin shida, kuma ya yi amfani da damar har farashin ya kai dala 7.85 a farkon 2012. A ƙarshen wannan shekarar gwamnatin Barack Obama ta daskarar da farashin a wurin.

A watan Oktoba na 2018 gwamnatin Donald Trump ta sassauta, ta sake ba da damar ƙarin kashi 7 cikin 100 a shekara huɗun ƙarshe na kowane zango mai shekara shida. ICANN ta amince da hakan a watan Maris na 2020, tare da wata yarjejeniya ta daban wadda a ƙarƙashinta Verisign zai ba ta dala miliyan 20 cikin shekara biyar domin ayyukan tsaron tsarin sunaye. Masu suka sun ce hakan ya sa mai sa ido yana cin moriyar wanda yake sa wa ido. Ga yadda farashin ya riƙa hawa a kowane watan Satumba:

2021: dala 8.39
2022: dala 8.97
2023: dala 9.59
2024: dala 10.26

Ƙarin ya kai kusan kashi 31 cikin 100 a shekara huɗu. Ga mai suna ɗaya, santi 67 ba wani abin tayar da hankali ba ne. Amma sunayen .com sun haura miliyan 150, ke nan ƙarin 2024 kaɗai ya kai kimanin dala miliyan 100 a shekara. A watan Nuwamba na 2024 Sanata Elizabeth Warren da ɗan majalisa Jerry Nadler sun rubuta wa gwamnatin Amurka suna neman ta ɗauki mataki a kan abin da suka kira babakere. Duk da haka an sabunta yarjejeniyar, kuma bisa tsarinta, bayan hutun shekara biyu ƙofar ƙari tana sake buɗewa daga ƙarshen 2026.

Akwai wasu sharuɗɗa da suka rage. Dole Verisign ya sayar wa kowane dillali a kan farashi ɗaya, dole ya ba da sanarwar wata shida kafin ƙari, kuma ba a yarda ya zama dillalin .com da kansa ba.

Darasin .org

Ƙungiyoyin agaji da na addini da na ci gaban al'umma sun fi amfani da .org. A da, yarjejeniyarsa ta hana ƙarin da ya wuce kashi 10 cikin 100 a shekara. A ƙarshen watan Yuni na 2019 ICANN ta cire wannan iyaka, duk da cewa ta karɓi ra'ayoyi fiye da 3,000 daga jama'a, mafi yawansu na adawa.

Wata biyar bayan haka, a Nuwamba, ƙungiyar Internet Society wadda ta mallaki mai kundin .org ta sanar da cewa za ta sayar da shi ga kamfanin zuba jari na Ethos Capital a kan dala biliyan 1.135. Hankalin ƙungiyoyi ya tashi, domin kundin da aka cire wa birki zai faɗa hannun masu neman riba. Babban Lauyan Jihar Kalifoniya, inda ICANN ke da rajista, ya rubuta yana gargaɗi, kuma a ranar 30 ga Afrilun 2020 ICANN ta ƙi amincewa da cinikin. An hana sayarwar, amma ba a mayar da iyakar farashin ba.

Sababbin ƙarshen sunaye da aka buɗe neman su a 2012, irin su .shop da .africa, tun farko ba a sanya musu iyaka ba. Sharaɗin da ke kansu shi ne sanar da dillalai kwana 180 kafin ƙara kuɗin sabuntawa. Shi ya sa akan ga suna mai arha ƙwarai a shekarar farko, a shekara ta biyu kuɗinsa ya ninka sau da yawa.

Wa ke da iko da .ng?

Kowace ƙasa tana da ƙarshen suna mai harafi biyu: .ng na Najeriya, .ne na Nijar, .gh na Ghana. ICANN ba ta yanke farashin waɗannan, an bar wa kowace ƙasa ta tsara abinta.

An buɗe .ng a 1995, da Kwalejin Fasaha ta Yaba a matsayin mai kula da shi, yayin da ɓangaren na'urori ya daɗe a hannun masu taimako daga ƙasashen waje. Bayan doguwar jayayya a kan wanda ya cancanci riƙe shi, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta shiga tsakani a 2004, aka damƙa amanar ga Hukumar Bunƙasa Fasahar Zamani ta Ƙasa, NITDA. A watan Maris na 2005 aka kafa NiRA a matsayin ƙungiyar masu ruwa da tsaki wadda ba ta neman riba, a 2006 ta sanya hannu a takardar fahimtar juna da NITDA, a 2009 kuma aka miƙa mata kundin a hukumance. Dokar NITDA ta 2007 ta bar wa hukumar alhakin sa ido a kan yadda ake tafiyar da shi.

NiRA, mai hedikwata a Legas, tana bin tsarin hannu uku: tana sayarwa ga dillalan da ta tantance, su kuma su sayar wa jama'a a kan farashin da suka ga ya dace. Akwai rukunoni da kowa zai iya karɓa, kamar .com.ng da .org.ng da .name.ng da kuma .ng kai tsaye, wanda ya fi sauran tsada. Akwai kuma waɗanda sai an gabatar da takardun shaida, kamar .gov.ng na gwamnati, .edu.ng na manyan makarantu, da .mil.ng na soja.

Shugabannin NiRA, waɗanda mambobinta ke zaɓa, su ke yanke farashin sari. A 2022, lokacin shugabancin Muhammed Rudman, ƙungiyar ta sanar da rage farashin .ng kai tsaye da fiye da kashi 40 cikin 100 domin ƙarfafa wa 'yan ƙasa gwiwa. Wannan tsari ya sha bamban da na kuɗin kiran waya da data, inda doka ta wajabta wa kamfanoni samun amincewar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kamar yadda aka gani a Janairun 2025 da ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. A ɓangaren .ng, birkin yana hannun mambobin ƙungiya, da sa idon NITDA, da gasar da .com ke yi masa. Ga kuma Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma hana duk mai rinjaye a kasuwa zaluntar masu saye da farashi.

Lissafin naira

Ga ɗan Najeriya, kuɗin da ake yanke farashi da shi ya fi girman ƙarin muhimmanci. A farkon 2023 sarin .com yana kan dala 8.97, dala kuma tana wajen naira 460 a farashin hukuma, wato kimanin naira 4,100. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi har dala ta haura naira 1,500 a 2024. A kan wannan canji, dala 10.26 ta zama kimanin naira 15,400.

Ke nan a dala ƙarin bai wuce kashi 14 zuwa 15 cikin 100 ba, amma a naira ya kusa ninka huɗu, tun dillali bai ɗora nasa ba. Iyakar kashi 7 cikin 100 da aka tsara a Washington ba ta san da zaman kasuwar canji ta Wapa ba. Ƙungiyar manoma ko ƙaramar makaranta da ke karɓar kuɗinta da naira, idan ta zaɓi .com, ta ɗora wa kanta bashin dala na kowace shekara.

Sunan .ng kuwa da naira dillalan gida ke sayar da shi, kuma kuɗin yana zama a cikin ƙasa. Hakan bai raba shi da tasirin dala baki ɗaya ba, tunda na'urori da manhajoji daga waje ake sayo su. Akwai kuma batun yawa. Kuɗin tafiyar da kundi kusan ɗaya ne ko sunaye kaɗan ne ko masu yawa, don haka yawan masu rajista shi ke sauƙaƙa nauyin kowane mutum. Sunayen .ng sun haura 200,000 ne kawai a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, alhali Afirka ta Kudu tana da fiye da miliyan ɗaya, Jamus kuma tana da wajen miliyan 17.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Afirka ta Kudu ta bi hanyar doka. Dokar sadarwa da hada-hadar intanet ta 2002 ta kafa hukumar ZADNA, wadda ke sa ido a kan mai kundin .co.za, take kuma da ta cewa a kan farashin sari. Faransa tana ba da riƙon .fr na wa'adi ne, gwamnati ce ke zaɓen mai riƙewa, kuma ƙungiyar Afnic ce ke riƙe da shi.

Birtaniya ta fi kama da Najeriya, domin Nominet mai riƙe da .uk ita ma ƙungiyar mambobi ce. Ta ƙara farashin sari zuwa fam 3.75 a 2016, sannan fam 3.90 a 2020, a daidai lokacin da mambobi ke ƙorafin cewa albashin shugabanni yana hawa, kuɗin ayyukan jama'a yana raguwa. A watan Maris na 2021 mambobin suka kira taron gaggawa suka kaɗa ƙuri'ar tsige daraktoci biyar. Abin lura a nan shi ne, tsarin mambobi yana aiki ne idan mambobin suna halartar taro, suna karanta rahoton kuɗi, suna kaɗa ƙuri'a. 'Yan kasuwa da masana fasaha na Arewa da suka bar kujerunsu babu kowa a NiRA sun yarda ke nan wasu su yanke musu farashi.

Abin da ya shafi ma'aikatan gwamnati

A watan Fabrairu na 2022, zamanin Ministan Sadarwa Farfesa Isa Ali Pantami, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya amfani da sunayen gwamnati irin su .gov.ng a shafukansu da wasiƙunsu na aiki, maimakon adireshin Gmail ko Yahoo. NITDA ce ke tantance masu neman .gov.ng.

Hikimar ta shafi jihohi da ƙananan hukumomi ma, har da guda 44 na Jihar Kano waɗanda Tofa ke cikinsu. Ofishin da ya ɗora shafinsa a kan .com ya jingina adireshin hukuma ga canjin dala da kuma sharuɗɗan wata ƙasa. Sannan kowa zai iya karɓar suna mai kama da nasa ya buɗe shafin ɗaukar aiki na bogi, abin da ke da wuya a .gov.ng tunda sai da takardar hukuma ake bayarwa.

Matakan kare kai

Mai suna ba zai iya sauya farashin sari ba, amma yana da abin yi.

Ya tambayi kuɗin sabuntawa kafin ya biya na shekarar farko. Arha ba ta ado, kuma garaɓasar farko sau da yawa tarko ce.

Ya tabbatar da sunansa ko na kamfaninsa, da imel ɗinsa, aka yi rajista, ba da na yaron da ya gina masa shafi ba. Wanda sunansa ke cikin kundi shi ne mai iko.

Idan sunan ya zama jarin kasuwanci, ya biya na shekaru da dama lokaci guda. A .com ana iya biya har na shekara goma a kan farashin yau, kuma sanarwar wata shida da ake bayarwa kafin ƙari dama ce ta yin hakan.

Ya san cewa yana da 'yancin sauya dillali. A ƙa'idar ICANN, bayan kwana 60 da yin rajista zai iya neman lambar sirri ta canja wuri ya koma inda ya fi sauƙi.

Ya kiyaye ranar ƙarewar wa'adi. Dillalan .com wajibi ne su aiko da tunatarwa kimanin wata guda da kuma mako guda kafin ranar. Idan aka soke sunan, akwai kwana 30 na fansa, amma kuɗin fansar ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Bayan nan sai ƙarin kwana biyar, sunan ya koma kasuwa.

Mai fitar da kaya waje yana iya riƙe biyu, .com domin baƙi, .com.ng domin gida, ya haɗa su a kan shafi ɗaya. Wanda kuma duk cinikinsa tsakanin Tofa da Dawanau da Kwari yake, ya lissafa da kyau kafin ya ɗauki hayar da za a riƙa yanke mata farashi da dala duk shekara.